Fayil ɗin CSV a waya: buɗewa ba wuya, wajen sebin ake ɓarna

Wani ɗan'uwa ne ya turo min tambaya, ya ce shi ke kula da sito na kayan gini da na lantarki, manhajar da suke lissafin kaya da ita tana fitar masa da fayil mai ƙarewa da .csv, shi kuma ba shi da kwamfuta sai waya, yana so ya gyara adadin wasu kaya da sunayensu sannan ya mayar da fayil ɗin cikin manhajar. Ya ce da ya fara buɗewa rubutu ya gani a cunkushe duk waƙafi ba kai ba gindi, da ya sake buɗewa da wata manhajar sai ya fito tsaf a tebur, ya gyara ya mayar, manhajar siton ta ce ba ta san lambobin kayan ba. Tambayarsa ita ce wace manhaja ce ta fi.

To Malam, zan faɗa maka manhajojin, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Wancan cunkusasshen rubutun da ka gani da farko ka tsorata, shi ne ainihin fayil ɗinka, lafiyarsa ƙalau. Teburin nan mai kyau da ya burge ka kuwa, a nan aka yi maka ɓarnar.

CSV ba Excel ba ne, wannan shi ne abin da nake shan wahalar fahimtar da mutane, don alamar fayil ɗin a waya ko kwamfuta sau da yawa koriya ce irin ta Excel sai mutum ya ɗauka ɗan gidansu ne. Rubutu ne zalla, irin wanda za ka iya bugawa da hannunka a wajen rubuta saƙo. Kowane layi kaya ɗaya, tsakanin bayani da bayani waƙafi, shi ke nan. Ba kala a ciki, ba faɗin kolum, ba fomula, ba shafi na biyu, kuma wanda ya fi duka muhimmanci, ba wurin da aka rubuta cewa wannan lamba ce ta lissafi wannan kuma suna ne. In ka leƙa naka zai yi kama da haka:

lamba,kaya,girma,adadi
00731,ƙusa,1/2,400
00732,"kwan fitila, fari",ƙarami,36

Kalli layi na uku da kyau. Sunan kayan yana da waƙafi a cikinsa, shi ya sa aka rufe shi da alamar zance gaba da baya, don kar manhaja ta ɗauka "kwan fitila" gida ɗaya ne "fari" kuma wani gidan. In kuma alamar zancen ce da kanta a cikin bayanin, kamar yadda ake rubuta inci a jikin bututu, to ninka ta ake yi a rubuta biyu a jere. Kusan dokar CSV ke nan gaba ɗaya. Tsarin tsoho ne, tun shekarun 1970 ake raba bayanai da waƙafi haka, amma sai a watan Oktoba na 2005 aka rubuta shi a takarda mai lamba RFC 4180, ita ma ɗin ba doka ba ce mai tilas, bayani ne na yadda akasari ake yi, shi ya sa har gobe kowace manhaja da ɗan halinta.

Yanzu ga abin da ya same ka. Tunda fayil ɗin bai faɗi me ye me ba, duk manhajar tebur da ta buɗe shi sai ta yi canki-canka. Ta ga 00731 sai ta ce ai wannan lamba ce, sifili a gaban lamba kuwa ba shi da amfani a lissafi, sai ta share ta bar maka 731. Ta ga 1/2 wanda kai rabin inci kake nufi, ita kuma sai ta ce kwanan wata ne, ta mayar da shi 2 ga Janairu ko 1 ga Fabrairu, ya danganta da ƙasar da aka saita ta. Duk wannan tana yinsa ne shiru ba ta tambaye ka ba, kuma a wannan lokacin fayil ɗinka na asali bai taɓu ba tukuna, a sikirin kawai abin ya canza. Sai da ka yi sebin sannan 731 ya shiga fayil ya zauna a wurin 00731, ka ɗora, manhajar sito ta duba ta ce ba ni da kaya mai lamba 731. Gaskiyarta. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, ka je gyara layi goma an ɓata maka dubu.

Akwai wanda ya fi wannan muni, kuma tunda kayan sito kake riƙewa ina zargin zai same ka in bai riga ya same ka ba. Lambar nan ta jikin kwali da ake haskawa, akasari lambobi 13 ne. Excel in ya ga tsawon lamba ya kai lambobi 12 ko sama sai ya taƙaita ta, ka ga wani abu kamar 5.90123E+12, in ka yi sebin a CSV a haka to abin da ke kan sikirin shi yake rubutawa, sauran lambobin sun tafi ke nan, ba fomular da za ta dawo da su. Kuma ko ba wannan, Excel lambobi 15 kawai yake riƙewa daidai, na 16 zuwa sama sifili yake mayar da su. Haka lambar waya mai alamar tarawa a gaba, alamar kan ɓace don manhajar ta ɗauka lissafi za ka fara.

Kar ka ga kamar rashin iyawarka ne. Masu binciken ƙwayoyin halitta ma abin ya gallabe su, akwai ƙwayoyin gado masu suna irin SEPT2 da MARCH1, Excel ya riƙa mayar musu da su 2 ga Satumba da 1 ga Maris, wani nazari na 2016 ya gano kusan ɗaya cikin biyar na takardun da aka duba masu ɗauke da irin wannan jeri suna da kuskuren. Ƙarshe dai a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin suna ya haƙura ya canza sunayen, MARCH1 ya koma MARCHF1. Wato su suka matsa wa manhaja, ba manhaja ta matsa musu ba. Ni kaina na taɓa yi, shekarun baya wata ƙungiya ta ba ni jerin lambobin rajista in gyara musu haruffan suna guda uku kacal, ina cikin sauri na buɗe a waya na gyara na tura, washegari aka kira ni wai duk wanda lambarsa ta fara da sifili ya ɓace daga tsarin. Allah ya so na asalin yana nan cikin imel ɗin da suka turo. Tun daga ranar ban sake taɓa CSV ba sai na yi kwafi.

To fara da wannan, kwafi. Shiga manhajar fayiloli ta wayarka, a Android akwai Files ta Google ko wadda wayar ta zo da ita, a iPhone ma Files take suna, ka kwafi fayil ɗin ka sa wa kwafin suna daban, misali ka ƙara "asali" a ƙarshe, ka ajiye shi gefe kar ka ko leƙa shi da manhajar tebur. Dalilin da ya sa na matsa a kan wannan a waya musamman shi ne manhajojin waya da yawa sebin suke da kansu kana cikin aiki, ba sa jiran ka danna komai. Ka kula kuma wajen canza suna kar ka goge .csv ɗin ƙarshe, in ya goge wayar za ta ce ba ta san abin da za ta buɗe shi da shi ba. In a cikin zip aka turo maka, manhajar fayilolin ma za ta warware maka shi.

Bayan kwafi, kafin komai, buɗe shi da manhajar rubutu zalla. A Android akwai QuickEdit, akwai Acode, akwai Markor, kowacce ta isa. Ba gyara za ka yi ba tukuna, kallo za ka yi, layi biyar na farko sun wadatar. Abu uku kake nema: da me aka raba bayanan, akwai lambobin da tebur zai iya ɓatawa ko babu, sannan haruffa sun fito daidai ko sun rikice.

Maganar abin rabawa, sunan CSV dai waƙafi ya ce, don C ɗin comma ne wato waƙafi, amma ba kullum waƙafi ba ne. A ƙasashe irin Jamus da Faransa waƙafi suke sawa a inda wasu ke sa ɗigo wajen rubuta ɓangaren lamba, wato 2,5 maimakon 2.5, to in suka raba bayanai da waƙafi an yi kitso da kwarkwata, shi ya sa nasu fayilolin waƙafi mai ruwa suke amfani da shi, alamar ; ɗin nan, amma sunan fayil ɗin yana nan .csv. In manhajar sitonku daga can take, ko an saita ta a kan yankin can, za ka iya samun haka. Alamarsa ita ce ka buɗe a tebur ka ga komai ya taru a kolum ɗaya, layi guda dogo. Wasu kuma da tab suke rabawa, wannan shi ne TSV, a manhajar rubutu za ka gan shi kamar an bar fili mai faɗi tsakanin bayanai. Wasu ma sanda tsaye suke sawa, wannan | ɗin. Duk wanda ka tarar, da shi za ka mayar, don manhajar da ta fitar da shi irinsa take jira.

Haruffa kuma, wannan ya shafe mu kai tsaye masu rubuta ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. In ka buɗe ka ga an rubuta Æ™usa a maimakon ƙusa, ko É—aki a maimakon ɗaki, kar ka fara gyarawa ɗaya bayan ɗaya, fayil ɗin bai lalace ba. An rubuta shi da tsarin UTF-8 ne, inda harafin ƙ ke cin ma'auni biyu, wato byte da na'ura ke auna rubutu da shi, ita kuma manhajar ta karanta shi da tsohon tsarin Windows-1252 inda kowane ma'auni harafi guda ne, sai harafi ɗaya ya fito mata biyu. Maganinsa ka sake buɗewa ka zaɓi UTF-8, manhajojin rubutun da na ambata galibi suna da wurin zaɓen a cikin saituna. Amma in alamar tambaya ka gani a wurin harafin, ?usa, kuma ko ka canza tsarin tana nan, to wannan kam an riga an yi sebin ɗinsa da tsarin da bai san ƙ ba, harafin ya mutu, sai dai a sake fitar da fayil daga tushe.

Yanzu in ka tambaye ni ra'ayina, don gyaran da bai wuce layi goma ko ashirin ba, kar ma ka je wajen tebur, yi abinka a cikin manhajar rubutun. Na san ba daɗin kallo, amma ita ce kaɗai ba ta shisshigi, abin da ka taɓa shi kaɗai ke canzawa. Ka nemo lambar kayan da wurin bincike, ka je kan adadin, ka goge 400 ka rubuta 350, ka yi sebin. Sifilinka yana nan, 1/2 ɗinka yana nan. Abin kiyayewa kawai kar yatsa ya goge waƙafi ɗaya bisa kuskure, don in waƙafi ya ragu a layi duk bayanan da ke bayansa sun matso gida ɗaya, adadi ya koma wurin girma. Kuma in za ka ƙara waƙafi a cikin sunan kaya, rufe sunan da alamar zance kamar yadda na nuna a sama.

A nan akwai wani ɗan tarko da kibod ɗin waya ke ɗanawa, wanda mutane ba sa gani. Alamar zance iri biyu ce, akwai miƙaƙƙiya " akwai mai lanƙwasa, CSV miƙaƙƙiyar kawai ya sani. iPhone tun daga iOS 11 yana da wani saiti a ɓangaren kibod mai suna Smart Punctuation da ke mayar da miƙaƙƙiyar mai lanƙwasa da kansa, a ido kusan ba bambanci, amma ga manhajar da za ta karanta fayil ɗin wannan ba alamar zance ba ce, harafi ne kawai, sai layin ya tsage. Kashe saitin kafin ka fara, ko ka danne maɓallin ka riƙe ka zaɓi miƙaƙƙiyar. Haka gyaran kalma na atomatik, kashe shi shi ma, in ba haka ba zai riƙa sa maka babban harafi da fili bayan waƙafi, filin nan kuwa ƙidaya shi ake a cikin bayanin, " ƙusa" da "ƙusa" ba ɗaya ba ne a wajen na'ura. In TSV ne kuma akasarin kibod ɗin waya ba su da maɓallin tab, dabarar ita ce ka kwafi tab ɗaya daga wani layin ka liƙa inda kake so.

In aikin da yawa ne, layi ɗari biyu, ko kana so ka jera ko ka tace ko ka tara, to dole tebur. Google Sheets na fi ba da shawara ga mai Android, amma ba ta hanyar da kowa ke bi ba. In ka danna fayil ɗin kawai ya buɗe a manhajar Sheets ta waya, canki-cankar nan za ta yi ba ta tambaye ka ba. Hanyar da ta fi ita ce ka buɗe burauza, Chrome ko wata, ka danna ɗigo ukun nan ka zaɓi a nuna maka shafin irin na kwamfuta, ka shiga Sheets ka buɗe sabon tebur babu komai, ka je File sannan Import ka ɗora fayil ɗin. A nan zai tambaye ka abin rabawa, ka zaɓa ko ka rubuta naka, a ƙasa kuma akwai wani ɗan akwati da ke cewa a mayar da rubutu lambobi da kwanan wata da fomula, yana zuwa a cike, cire alamar. Wannan ɗan akwatin shi ne maganin duk abin da ya same ka. Rubutun zai yi ƙanana a sikirin waya, sai ka kwantar da wayar ka riƙa buɗa yatsu, haƙuri za ka yi minti biyu ne. Da zarar ya shiga kana iya komawa manhajar wayar ka ci gaba da gyara cikin sauƙi, tunda an riga an shigo da komai a matsayin rubutu.

Sai dai fa tunda komai ya zama rubutu, har kolum ɗin adadi, in za ka yi lissafi da shi sai ka zaɓi wannan kolum ɗin shi kaɗai ka mayar da shi lamba. Kolum ɗin lambar kaya kuwa bar shi a rubutu, in za ka ƙara sabon kaya ka fara da ɗan ɗigon sama ' kafin lambar, kamar '00790, alamar ba za ta fito a fayil ba, aikinta kawai ta ce wa teburin hannunka ya sauka. Ka'idar da nake bi mai sauƙi ce, duk lambar da ba za ka taɓa tara ta da wata ba, to suna ce ba lamba ba.

Mai iPhone shi ya fi samun sauƙi a nan. In kallo kawai yake so, danna fayil ɗin a Files ya isa ya nuna shi a tebur ba tare da an taɓa komai ba. In gyara ne akwai Numbers, bayan ta buɗe fayil ɗin tana ba da damar daidaita saitin shigowa, a zaɓi abin rabawa da tsarin haruffa, in an gama a fitar da shi a CSV. Excel na waya, da WPS Office, da Collabora Office wadda aka gina kan LibreOffice, duk suna buɗe CSV. Ban hana ka su ba, amma kowacce ka ɗauka gwada ta da kwafi tukuna ka duba sifilin nan. In wata ta ce sai ka mayar da fayil ɗin xlsx kafin ta bar ka ka gyara, ba laifi, amma ka tabbata tana da hanyar mayar da shi CSV a ƙarshe, kar ka gama aiki ka tarar ba ƙofar fita. Kuma canza sunan fayil daga .xlsx zuwa .csv da hannu ba ya mayar da shi CSV, na ga masu yi, cikinsa yana nan yadda yake, riga kawai aka canza masa.

Wajen fitarwa daga Sheets, a manhajar waya ɗigo uku ne, sannan Share & export, sannan Save as, ka zaɓi CSV. Shafin da kake kai shi kaɗai zai fita, in ka buɗe shafi na biyu kana lissafi a gefe wannan ba zai biyo ba, wanda hakan ma alheri ne. Fomula kuma sakamakonta ne ke fita ba ita kanta ba, kala da duk adon da ka yi sun tsaya a can. Abu biyu ne ke kama mutane a nan. Na farko Sheets da waƙafi yake fitarwa, ko da fayil ɗin da ka shigo da shi waƙafi mai ruwa ne, to in manhajar sitonku ; take jira an samu saɓani, duba ko tana da wurin zaɓen abin rabawa wajen ɗorawa, akasari suna da shi. Kar ka ce za ka sa manhajar rubutu ta maye gurbin duk waƙafi da ; a dunƙule, don har na cikin "kwan fitila, fari" zai tafi. Na biyu Sheets da UTF-8 yake fitarwa amma ba ya sa wata 'yar alama da ake kira BOM a farkon fayil, ma'auni uku ne da ido ba ya gani, Excel na kwamfuta kuma da ita yake gane UTF-8 in an danna fayil sau biyu. To in ka tura wa mai kwamfuta ya ce maka haruffa sun rikice, ba kai ka ɓata ba, ce masa ya shigo da fayil ɗin ta ɓangaren Data ya zaɓi UTF-8.

In kwanan wata na cikin fayil ɗin, bar shi yadda ka same shi. Amurka wata suke fara rubutawa, yawancin duniya rana, shi ya sa 03/04 ba wanda zai rantse maka Maris ne ko Afrilu. In kai ke da ikon zaɓa, rubuta shekara sannan wata sannan rana, 2024-04-03, wannan shi ne tsarin ISO 8601, ba ya rikita kowa kuma in aka jera shi yana bin tsari da kansa.

Wanda ka riga ka ɓata fa? In kana da na asali, ko za ka iya sa manhajar sito ta sake fitar maka da sabo, yi hakan ka sake gyaran, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. In babu, kuma ka san duk lambobin kayanku tsawonsu ɗaya ne, misali biyar-biyar, to fomula =TEXT(A2,"00000") za ta cike sifilin da ya ɓace, ka ja ta ƙasa ka kwafi sakamakon ka liƙa a wurin tsohon. In tsawonsu ya bambanta ba yadda za a yi na'ura ta san sifili nawa ne a da. Masu E+12 ɗin nan kuwa sai dai a koma jikin kwali.

Girman fayil, ga siton ku ba na jin zai dame ka, amma bari in taɓa kaɗan. Excel iyakarsa layi 1,048,576, Google Sheets kuma gidaje miliyan 10 gaba ɗaya, waya dai tun kafin a kai can ta fara zafi tana maƙalewa. Hatsarin shi ne wata manhajar in fayil ya fi ƙarfinta sai ta buɗe iya abin da za ta iya ta yar da sauran. Haka ta faru a Ingila a 2020 lokacin korona, sakamakon gwaji yana zuwa a CSV ana zuba shi a tsohon tsarin xls wanda iyakarsa layi 65,536, aka wayi gari mutum 15,841 da suka kamu tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba ba su shiga ƙidaya a kan lokaci ba. Shi ya sa nake ƙirga layi kafin da bayan gyara. Wanda hannunsa ya faɗa yana iya sa Termux a Android, manhajar da ake buga umarni a cikinta, wc -l ya ƙirga masa layuka, head -n 5 ya nuna masa biyar na farko, grep ya tsamo masa layin da yake nema ko da fayil ɗin ya kai girman da ba teburin da zai ɗauka. In wannan ya yi maka kama da yaren aljanu tsallake shi, manhajar rubutu ma tana nuna lambar layi a gefe.

Shafukan nan na intanet masu cewa ɗora CSV ɗinka mu gyara maka kyauta, ni ba na zuwa. Jerin ƙusa da kwan fitila ba wani sirri ba ne, amma ranar da fayil ɗin ya zama na sunayen abokan ciniki da lambobinsu, ka miƙa su ga wanda ba ka sani ba ke nan. Haka in baƙo ya turo maka CSV, leƙa shi da manhajar rubutu tukuna, don bayanin da ya fara da = ko + ko - ko @ tebur na iya ɗaukarsa fomula ya aiwatar, kuma akwai masu ɓoye mugun abu ta nan.

In ka gama ka fitar, kar ka ɗora tukuna. Buɗe sabon da na asalin duka a manhajar rubutu, duba layin farko mai sunayen kolum ko harafi ɗaya bai canza ba, don manhajar sito da shi take gane ina ne ina, duba 00731 yana nan da sifilinsa biyu, duba 1/2, gangara can ƙasa ka ga lambar layin ƙarshe ta yi daidai, ka ga kuma ba wasu layuka na waƙafi zalla ,,, da teburin ya ƙara maka a gindi, in akwai goge su. Sannan in manhajar taku ta yarda a ɗora wani ɓangare, yanki layin farko da layi uku na kaya ka yi ɗan ƙaramin fayil ka fara gwadawa da shi. In ya ƙi, kwafo min layin farkon nan da layi biyu na ƙasansa yadda suke a manhajar rubutu, ba hoton tebur ba, tare da abin da manhajar ta rubuta maka da ta ƙi karɓa.